Tarin Da Ya Ƙi Jin Magani, Da Shaidar Da Jini Ke Bayarwa



Da aka ce mini ni ne zan yi magana a wannan zama, sai na yi ta tunanin abin da ɗalibin likitanci zai faɗa a gaban masu karatun shari'a da tarihi da aikin gona, har su saurara ba su yi gyangyaɗi ba. Daga baya na ga ba abin da ya fi sai in kawo muku wata matsala wadda ta shiga gidanmu tun kafin in ji sunanta a aji. Saboda haka ina roƙon malamaina da ke zaune a nan, in na yi tuntuɓe su tallafe ni, gama ni ɗan koyo ne, har yanzu ba a bar ni da majinyaci ni kaɗai ba.

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi ne, yana kuma sayen gyada yana tarawa. Shekarun baya tarin fuka ya kama shi. Aka gwada kakinsa aka ga ƙwayar cutar, aka ɗora shi a kan magani na wata shida, ya sha bai tsallake ko kwana ɗaya ba, aka sallame shi aka ce ya warke. Da gaske kuwa ya warke, ya yi jiki, ya koma gona. Bayan kamar shekara biyu sai tari ya dawo, ya fara ramewa, wata safiya kuma ya yi kaki da jini. Aka koma asibiti aka gwada kaki, ba a ga komai ba. Aka sake gwadawa da na'urar nan ta GeneXpert, ita ma ta ce babu. Amma hoton ƙirji ya nuna kogo a saman huhunsa na dama. Sai aka ce ai tarin ne ya dawo ya ɓuya, aka sake ɗora shi a kan magani wata shida. Ya sha, tari bai daina ba. A gida kuwa magana ta rabu biyu. Wasu suka ce ba ya shan maganin bisa ƙa'ida ne, yana zubarwa a ɓoye, wasu suka ce hannu aka sa masa. Kawu ya fi jin zafin zargin farko, domin mutum ne mai cika alkawari. Zan bar shi a nan tukuna, in koma kansa daga baya.

Kowa a nan ya san funfuna. Ita ce kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu, ko burodi, ko gyadar da aka zuba a rumbu da sauran danshi. Mun kuma san danginta masu kama fata, kamar makero a kan yara da ƙyasbi a wuyan manya. Ba su ne abin maganata ba, don su a waje suke tsayawa, ido yana ganinsu. Abin da nake nufi shi ne funfunar da ke kutsawa cikin jiki, ta zauna a huhu, ko ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa da ƙashi da hanta. Wani ƙiyasi da aka buga a shekarar 2024 ya ce mutum kamar miliyan 6.5 ne ke kamuwa da irin wannan cuta kowace shekara a duniya, kamar miliyan 3.8 kuma suna mutuwa da ita. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, amma ko an rage masa rabi, ba abin wasa ba ne.

Babbar mai laifi a huhu ita ce wadda ake kira Asfajilus. Wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, shi ya raɗa mata wannan suna a 1729, domin da ya dube ta a madubin likita sai ya ga ta yi kama da abin da ake yayyafa ruwa da shi a coci. Irinta ƙura ce wadda ido ba ya gani, sai an jera kamar ƙwaya 400 kafin su cika milimita ɗaya. Tana cikin ƙasa da taki da ruɓaɓɓen ganye da rumbunan hatsi, kuma kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwanta kullum, har da wannan ɗaki da muke zaune. 'Yan'uwana masu karatun gona sun san wata 'yar'uwarta wadda ke sa wa gyada da masara guba, gubar da aka gano bayan ta kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960. Waccan guba ce da ake ci a abinci, maganarta daban. Wadda ake shaƙa kuwa, huhun mai lafiya yana share ta ba tare da mutum ya sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Tsagewar kuwa iri biyu ce, ina roƙonku ku riƙe su, don duk jawabina a kansu ya rataya. Ko dai huhu ne ya lalace, alhali garkuwar jiki tana nan da ƙarfinta, kamar wanda tarin fuka ya bar wa kogo. Ko kuwa garkuwar ce da kanta ta rushe, kamar mai cutar ƙanjamau da ta yi nisa, ko mai sankarar jini da ake yi wa magani mai ƙarfi, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda.

To, yaya likita zai gane cewa funfuna ce ke cin majinyacinsa? Hanya ta farko da hankali zai kawo ita ce a kama ta da hannu, watau a ɗebi kaki ko jini a shuka a faranti a ɗakin gwaje-gwaje, a jira ta tsiro. A nan ne wahalar take. Asfajilus kusan ba ta tsirowa daga jini, ko da ta cika huhu. In kuma ta tsiro daga kaki, wa ya sani ko daga huhun ta fito, ko daga iskar ɗakin ta faɗa cikin farantin? Wata funfunar mai suna Kandida, wadda kan shiga jinin majinyatan da suka daɗe a gadon asibiti, shuka jini ba ya kama ta sai a kamar rabin masu ɗauke da ita. Wata kuma, Histofilazma, takan ɗauki mako huɗu ko fiye kafin ta nuna kanta, majinyaci kuwa ba lalle ne ya jira ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a yanko ɗan nama daga inda ciwon yake a duba, amma huhu ba yatsa ba ne da za a yanka a saukake, balle ga mutumin da jininsa ba ya daskarewa. Tun da kama ɓarawon ya yi wuya, sai masana suka koma neman shaidu.

Shaidan farko shi ne jikin majinyacin kansa. A 1890, a birnin Balin na Jamus, Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna cewa dabbar da ta saba da dafin wata cuta, ruwan jininta yana ɗauke da wani abu mai karya wannan dafi, har ana iya ɗibarsa a kāre wata dabbar da shi. Wannan abu shi ake kira antibodi. Jiki yana ƙera shi ne musamman domin baƙon da ya shigo, kamar yadda maƙeri ke yi wa kowane kwaɗo makullinsa, saboda haka antibodin ƙyanda ba ya kama Asfajilus, na Asfajilus kuma ba ya kama ƙyanda. Iri biyu ne suka fi damunmu a nan. Akwai wanda ake kira IgM, shi ne ke fara fitowa cikin makonnin farko, sa'an nan ya ja da baya. Akwai kuma IgG, wanda ke zuwa a makare amma ya daɗe, wani lokaci shekara da shekaru.

Misalin da na sama wa kaina domin in riƙe wannan karatu shi ne na ɓarawo da maƙwabta. In ɓarawo ya shiga gida da dare, maƙwabci yana iya sani ta hanya biyu, ko da bai ga ɓarawon ba. Ko ya ji ihun masu gida, ko da safe ya tsinci takalmin da ɓarawon ya yar a bakin katanga. Gwajin antibodi sauraron ihu ne. Akwai wani gwajin da zan zo kansa, na antijin, shi kuwa tsintar takalmi ne. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye ya san aibin dogara da ihu. Masu gida ba sa yinsa sai sun farka, wani gidan suna yi ko kyanwa ce ta ture kwano, wani gidan kuma tsoho ne kwance shi kaɗai, ba shi da muryar da zai ɗaga. Waɗannan aibobi uku duka suna nan a gwajin antibodi.

Kafin in kai gare su bari in faɗi yadda ake gwajin, don yana da ban sha'awa. A 1948 wani likita ɗan Suwidin, Örjan Ouchterlony, ya fito da wata dabara mai sauƙi. Ana zuba wani abu mai kama da kokon da ya sandare, amma garau, a cikin faranti, a huda masa 'yan ramuka. A ramin tsakiya a ɗiga ruwan da aka tatso daga funfuna, a ramukan gefe a ɗiga ruwan jinin majinyata. Kowanne sai ya riƙa tsatsafowa a hankali. In jinin yana da antibodin wannan funfuna, inda suka haɗu sai wani farin layi ya fito, siriri kamar zare, ido yana ganinsa. In babu, faranti ya zauna fayau. Sai dai aikin yana cin kwanaki, yana kuma bukatar idon gwani. A 1971 wasu masana biyu a Istokholm, Eva Engvall da Peter Perlmann, suka kawo hanyar da ake kira Elisa, inda ruwa ke sauya launi gwargwadon yawan antibodi, na'ura ta karanta ta ba da adadi. Yawan kuwa yana da muhimmanci ƙwarai. A tsohuwar hanya ana auna shi ne da sirki. A sirka ruwan jinin kashi ɗaya cikin 2, sa'an nan cikin 4, cikin 8, cikin 16, har a kai inda gwaji ya daina nunawa, kamar a yi ta ƙara wa shayi ruwa har a daina jin sukari. Wanda ya jure ƙari mai yawa, shi ne mai sukari da yawa tun asali.

Inda aka fara cin moriyar wannan sosai shi ne a kan wata cuta da babu ita a ƙasarmu, zazzaɓin kwari, wadda funfunarta ke zaune a busasshiyar ƙasar Kalifoniya da Arizona a Amurka, da wasu sassan Meziko da Amurka ta Kudu. Iska ce ke tayar da ita cikin ƙura, kuma tana kama har ƙarfafan mutane masu lafiya. A lokacin yaƙin duniya na biyu an kafa sansanonin mayaƙan sama a kwarin San Joaquin, samari suka yi ta kwantawa. Wani likita, Charles Smith, ya bi jininsu shekara da shekaru, har ya nuna cewa antibodi na farko yana faɗin sabon kamu, na biyun kuma yawansa yana tafiya da tsananin cutar. In sirki ya wuce ɗaya cikin 16 gwaji bai daina nunawa ba, to, likita ya fara zargin cutar ta fita daga huhu ta bazu. In magani yana aiki, adadin sai ya riƙa sauka. Har yau da wannan ma'auni ake aiki a can. Abin lura shi ne, majinyatan Smith samari ne masu cikakkiyar garkuwa, masu muryar ihu.

Histofilazma kuwa ta shafe mu kai tsaye. Samuel Darling ne ya fara bayyana ta a Panama a 1906. Tana son ƙasar da ta gauraya da kashin jemage ko na tsuntsaye. Akwai wani jinsinta na Afirka, mai fitar da ƙuraje a fata ya kuma ci ƙashi, kuma a 1994 masu bincike suka ba da rahoton samunsa a ƙasar kogon Ogbunike a Jihar Anambara, inda jemagu ke kwana. A farantin Ouchterlony wannan cuta tana ba da layi biyu, waɗanda aka sa wa suna M da H tun 1958. Layin H ba ya yawan fitowa, amma in ya fito alama ce cutar tana kan aiki. Layin M shi ne ya fi yawa, sai dai yana iya zama a jini shekaru bayan mutum ya warke. A kwarin kogin Ohayo da na Misisifi a Amurka, akwai wuraren da yawancin manya sun taɓa shaƙar wannan funfuna ba su sani ba. A irin wannan wuri, in ka ga layin M a jinin mai tari, ba ka da tabbacin ko ihun daren jiya ne ko na bara. Ban da wannan kuma, antibodin yakan ɗauki makonni kafin ya fito, saboda haka wanda aka gwada a farkon ciwo ana iya ce masa ba komai, alhali kuwa masu gida ne ba su farka ba tukuna. Dalili ke nan da ya sa likita mai hankali kan ɗebi jini sau biyu, da tazarar makonni, ya ga ko adadin ya ninka huɗu.

Kandida ita ce gidan da ake ihu don kyanwa. Tana zaune a baki da hanjin mutane da yawa lami lafiya, saboda haka samun antibodinta a jini shi kaɗai ba ya raba mai ciwo da mai lafiya. Ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba.

Aibi na uku shi ne mafi ɗaci, watau tsohon da ba shi da murya. Mutanen da funfuna ta fi saurin kashewa su ne waɗanda garkuwarsu ta rushe, kuma su ɗin ne jikinsu ba ya iya ƙera antibodi yadda ya kamata. Mai sankarar jini wanda magani ya share masa fararen ƙwayoyin jini, Asfajilus tana iya cinye huhunsa cikin 'yan kwanaki, gwajin antibodi kuma ya dawo fari tas. Wanda ya dogara da wannan sakamako ya ce ba funfuna ba ce, ya yi kuskuren da ba ya gyaruwa. A nan ne ake komawa ga takalmin ɓarawo. Antijin ɓurɓushi ne daga jikin funfunar kanta, yana yawo a jini ko fitsari ko ruwan ƙashin baya, kuma ba ruwansa da ƙarfin majinyaci. Na Asfajilus wani sukari ne daga ɓawonta, sunansa galaktomanan, an amince da gwajinsa a Amurka a 2003. Akwai wani kuma, beta-gulukan, da ake samu a ɓawon funfuna iri-iri, kuma abin mamaki, da jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, mai shuɗin jini, ake haɗa ruwan gwajinsa. Na Histofilazma a fitsari ya fi fitowa.

Wanda ya fi ceton rayuka a Afirka shi ne na Kiriftokokus, funfunar da ake samu a kashin tattabaru, mai haddasa sanƙarau ga masu ƙanjamau. An ƙiyasta ta kashe mutum 112,000 a shekarar 2020, watau kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukan mace-macen da suka danganci ƙanjamau. Ba wanda ke neman antibodinta don gano ciwo. Amma tana lulluɓe da wata riga mai kauri wadda ke zubar da ɓurɓushi da yawa, kuma ɓurɓushin yana bayyana a jini kamar mako uku kafin ciwon kai ya fara. Tun 2011 akwai ɗan tsinken gwaji da ke nuna shi cikin minti goma, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa gwada duk mai ƙanjamau wanda ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka faɗi ƙasa da 100, tun bai ce kansa na ciwo ba. Akwai kuma funfunar da ba ta da ihu ba ta da takalmi, kamar wadda ta kama dubban masu ciwon sukari a Indiya a 2021 lokacin annobar korona, tana cin hanci da ido. Ita kam sai an yanko nama an duba.

Wataƙila wani zai ce, tun da gwajin antibodi yana da wannan aibobi haka, me ya sa na sa shi a kan jawabina? Domin akwai wuri ɗaya da ba shi da na biyu, kuma wurin nan a ƙofar gidanmu yake. Ku tuna da tsagewar bango ta farko, huhun da ya lalace a jikin da garkuwarsa ke nan. In tarin fuka ya warke, sau da yawa yakan bar kogo. Kogon nan yana da ɗumi da danshi da iska, ga shi jini ba ya kai masa sosai balle dakarun jiki su share shi. Asfajilus sai ta shiga ta zauna, ta riƙa cin bangon kogon a hankali, wata da watanni, wani lokaci har ta dunƙule ta zama curi kamar ƙwallo, ana ganinsa a hoto. Alamunta su ne tari, da rama, da kasala, da kaki da jini. Watau dai alamun tarin fuka sak. Amma kama da wane ba ta wane. A wannan hali ɓurɓushin funfunar ba ya yawan shiga jini, shuka kaki kuma ba abin dogara ba ne. Sai dai jikin yana da ƙarfi, ya kuma daɗe yana faɗa, saboda haka IgG yana cika jini. A cikin masu wannan ciwo goma, kamar tara gwajin yana kama su.

Ba sabon ilmi ba ne. A Ingila, a wani bincike da aka buga a 1968, an bi mutum 544 waɗanda tarin fuka ya bar wa kogo, aka sami kashi 25 cikin ɗari suna da antibodin Asfajilus. Da aka sake dubawa bayan shekara uku, sun kai kashi 34. A Gulu ta ƙasar Yuganda, wani bincike na 2019 ya nuna cewa a cikin masu kogo, kashi 6.5 cikin ɗari ne ke kamuwa da wannan ciwo kowace shekara, alhali a cikin marasa kogo bai kai ko kashi ɗaya ba. A nan gida kuma an gwada mutum 208 masu shan maganin tarin fuka a Legas da Ilori, aka buga sakamakon a 2017, kashi 8.7 cikin ɗari na ɗauke da ita. Ku haɗa wannan da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kusan mutum rabin miliyan ne tarin fuka ya kama a Nijeriya a shekarar 2023 kaɗai, masu karatun lissafi su ƙarasa mana sauran. Ciwon kuma ba mai sauƙi ba ne. A wata cibiya ta musamman a Manchesta, inda magani da gwani ba su yanke ba, cikin majinyata 387 kashi 62 cikin ɗari ne suka kai shekara biyar a raye.

Lalle ne in yi gargaɗi a nan, kada wani ya fita yana cewa ɗigon jini ya isa. Manomin da ya shekara talatin yana sussukar dawa yana shaƙar ƙurar rumbu, yana iya samun antibodin nan alhali huhunsa lafiya lau. Saboda haka sai shaidu huɗu sun haɗu kafin a yanke hukunci. Ciwo ya kai wata uku ko fiye, hoto ya nuna kogo, gwajin kaki ya kore tarin fuka, sa'an nan jini ya nuna IgG. 'Yan'uwana masu karatun shari'a ba za su yi mamakin wannan ba. Wani lokaci ma cututtukan biyu suna haɗuwa a ƙirji ɗaya, likita ya rasa wadda zai fara da ita.

Uzurin da aka daɗe ana bayarwa shi ne gwajin yana bukatar na'ura mai tsada da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Wannan uzuri ya fara tsufa. Wani kamfani a Faransa, LDBio, yana yin tsinken gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, a ɗiga masa ruwan jini, cikin rabin awa layi ya fito ko ya ƙi fitowa, ba wuta ba na'ura. Aibinsa shi ne yana cewa akwai ko babu ne kawai, ba ya faɗin yawa, don haka ba a bin saukar ciwo da shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gwajin antibodin Asfajilus cikin jerin gwaje-gwajen da ta ce wajibi ne ƙasashe su tanada, a 2022 kuma ta fitar da jerin funfuna 19 mafiya haɗari, Asfajilus tana cikin huɗun da ke sahun gaba. Duk da haka, a ɗakunan tarin fuka da na taɓa shiga a matsayin ɗalibi, ban ga wannan tsinke a kan tebur ba ko sau ɗaya. A ganina ba kuɗi kaɗai ne matsalar ba. An koya mana, mu ma ana kan koya mana, cewa tari da rama da kogo sunansu tarin fuka, kuma abin da likita bai yi zarginsa ba, ba zai rubuta a gwada ba.

Bari in koma kan kawu. Ana shirin ɗora shi a kan magani karo na uku ne, sai Allah ya haɗa shi da wata likita wadda ta daɗe tana duban hoton ƙirjinsa, ta ce a dakata. Ta ɗebi jininsa, aka aika da shi wani gari mai nisa, muka jira mako biyu. Sakamako ya dawo, IgG na Asfajilus ya yi sama ƙwarai. Ta ɗora shi a kan maganin funfuna mai suna itirakonazol, wanda ake sha aƙalla wata shida, sau da yawa ma fiye. A nan na koyi wani abu da ya tsorata ni. Rifamfisin, jigon maganin tarin fuka, yana sa hanta ta ƙone itirakonazol tun bai yi aiki ba, har ya zama kamar ba a sha ba. Ashe da an ci gaba da ba shi maganin tari bisa zato, ko an gano funfunar daga baya, da maganin farko ya toshe wa na biyu hanya. Maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi, na funfuna kuwa da kuɗinka za ka saya, kowane wata. Kawu ya sayar da gyadar da ya tara tun farashi bai tashi ba, ya ƙara da raguna biyu. Jini ya tsaya a wata na biyu, nauyinsa ya dawo kaɗan-kaɗan, da aka sake gwaji adadin ya sauka. Kogon dai yana nan, kuma ba ya iya noman da yake yi a da.

Abin da nake roƙonku ƙarami ne. In kun je hutu kuka tarar da wani ɗan'uwa da ya gama maganin tarin fuka, amma tari ya wuce wata uku, ana gwada kaki ba a ganin komai, to, ku raka shi asibiti, ku tambayi likita cikin ladabi ko za a duba antibodin Asfajilus kafin a sake ɗora shi a kan magani. Ba sai kun iya turancin abin ba, ku rubuta sunan a takarda.

Da na je gaishe shi a hutun da ya wuce, ya fito mini da takardar sakamakon nan daga akwatin da yake ajiye takardun gona. Ba ya karanta boko, amma ya san inda adadin yake. Ya ce, "Ɗana, karanta mini wurin nan da ƙarfi, ga kawunka babba zaune, shi ne ya ce ina zubar da magani." Na ce, "To, Kawu," na karanta. Kawu babba bai ce komai ba, ya dai miƙa masa goro.

Shugaba, na ga kana duban agogo. A nan zan dasa aya.